FILIN LAFIYAR IYALI: Sabuwar Gwiwa, Wayar Hannu da Haƙƙin Majinyaci a Kanmu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

A fitowar nan muna so mu yi magana a kan abin da ya fara zama ruwan dare a gidajenmu, daga Garwa da Marwa har Yawunde da Duwala, wato aikin fiɗa na sauya gwiwa ko gaɓar kwatangwalo, da irin jinyar da ke biyo bayansa, da kuma gurbin da wayar hannu ta samu a cikin wannan jinya. Za mu fara da kuskuren da mu kanmu muka yi, domin wanda ya faɗa rami shi ya fi cancanta ya nuna wa na baya inda yake.

Baffanmu, ƙanin mahaifinmu, ya fi shekara talatin yana kiran salla a masallacin unguwa, har ciwon gwiwa ya kai shi ga ba ya iya taka matakala uku na ƙofar masallacin sai an riƙe shi. 'Ya'yansa da 'yan uwa suka haɗa abin da Allah Ya hore, aka kai shi Tunis, aka sa masa sabuwar gwiwa. Aiki ya yi kyau, ya dawo da ƙafafunsa yana dogara sanda, da jakar takardu cikin Faransanci, da lambar wayar wata ma'aikaciyar jinya wadda ta ce a riƙa aiko mata da hoton rauni da ɗan bidiyon lanƙwasa gwiwar kowane mako. To, a nan muka kauce hanya, kuma ƙauna ce ta kautar da mu. Muka shimfiɗa masa gado, muka tokare masa gwiwa da matashi, duk wanda ya ga ya yunƙura sai ya ce, "Baba, kwanta, me kake so a kawo maka?" Ɗan da lambar take cikin wayarsa ya koma wurin kasuwancinsa, saƙonni suka yi ta shigowa babu mai amsawa. Bayan mako bakwai gwiwar ta sandare, ba ta lanƙwasuwa ko da gwargwadon zama a kan kujera. Sai da aka sake sa shi barci a asibiti, likita ya lanƙwasa ta da hannu don ya tsinka tabon da ya ɗaure ta daga ciki, sa'an nan aka koma farkon motsa jiki cikin zafin da da ba sai an sha shi ba. Laifin bai rataya a kan wanda ya yi aikin ba. A kanmu yake.

Asalin aikin da amfaninsa

Kan kowane ƙashi da ke cikin gaɓa yana lulluɓe da guringuntsi mai santsi. Idan ya cinye, saboda tsufa ko nauyin jiki ko tsohuwar karaya, sai ƙashi ya riƙa gugar ƙashi. Akwai kuma wani dalili da ya shafe mu ƙwarai, shi ne amosanin jini, wanda ake kira sikila, domin yakan toshe ƙananan jijiyoyin da ke kai jini ga kan ƙashin cinya har wurin ya mutu ya burma. Shi ya sa akan ga saurayi ko budurwa masu shekara ashirin da 'yan kai suna bukatar sabon kwatangwalo. A aikin, likita yakan cire wurin da ya lalace ya maye shi da gaɓar ƙarfe da roba mai ƙarfi, ko tangaran na musamman, wadda za ku gani a takardunku da sunan prothèse.

Ba yau aka fara ba. A 1890 wani likitan Jamus, Themistocles Gluck, ya sa wa majinyaci gwiwar hauren giwa a Balin, amma ƙwayoyin cuta suka ɓata masa aiki. A 1946 wasu 'yan uwa biyu likitoci a Faris, Robert da Jean Judet, suka fito da kan ƙashin cinya na roba. Wanda ya daidaita aikin a kan tsarin da ake bi har yanzu shi ne John Charnley, a asibitin Wrightington na Ingila, a 1962. Wani nazari da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2019 ya nuna cewa a cikin gwiwoyi 100 da aka sauya gaba ɗaya, kimanin 82 suna nan suna aiki bayan shekara 25, a kwatangwalo kuwa kimanin 58. Sai dai gaskiya ba ta cika sai an faɗi ɗaya gefen: kusan mutum ɗaya cikin biyar da aka sauya wa gwiwa yakan ci gaba da jin wani ciwo na tsawon lokaci, kuma ɗaya ko biyu cikin ɗari ƙwayoyin cuta sukan kama musu gaɓar.

Ta fuskar shari'a babu abin ɗar-ɗar. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare masa hanci a wani yaƙi na zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi da ya sa na zinariya. Da wannan malamai suke kafa hujja a kan halaccin maye gaɓar da ta lalace.

Rabin aikin a gida ake yin sa

Fiɗar kanta awa ɗaya zuwa biyu ce. Warkewa kuwa watanni ce, kuma takan kai shekara kafin mutum ya ga iyakar amfanin da zai samu. Likitoci sukan tayar da majinyaci ya taka a ranar aikin ko washegari, ba don rashin tausayi ba, sai don kwanciya tana jawo daskarewar jini a jijiyar ƙafa, tana raunana naman cinya, tana kuma bai wa tabo damar ɗaure gaɓa. Makonni shida zuwa goma sha biyu na farko su ne lokacin da gwiwa take karɓar horo. Ana so ta miƙe sarai, ta kuma lanƙwasu aƙalla digiri 90, wato siffar ƙafar mai zaune a kan kujera, sa'an nan a yi ta ƙarawa. Matashin da muka sa wa Baffa a ƙarƙashin gwiwa yana cikin abubuwan da ake hanawa, domin yana koya mata zama a tanƙware. Idan za a ɗaga ƙafa don kumburi ya saɓe, a ƙarƙashin dunduniya ake sa shi.

A nan matsalarmu take. Masanin motsa gaɓoɓi, wanda muke kira kine, ba kowane gari ake samunsa ba, inda yake kuma zuwa wurinsa sau uku a mako kuɗin mota ne da wahala ga tsohon da bai kamata ya hau mashin ba. Likitan da ya yi aikin kuwa wataƙila yana Tunis ko Alƙahira ko Indiya, ko a babban birnin da ke nesa da mu kwana guda a mota. Wannan giɓi shi ne waya take iya cike wani sashe nasa.

Abin da bincike ya tabbatar

A lardin Kebek na Kanada an yi gwaji da majinyata 205 da aka sauya wa gwiwa, aka buga sakamakonsa a 2015. An raba su gida biyu: wasu kine yana zuwa gidajensu, wasu kuma yana koyar da su ta allon bidiyo, yana kallonsu suna kallonsa, zama 16 cikin wata biyu. Da aka auna ciwo da tafiya da ayyukan yau da kullum, waɗanda aka bi ta bidiyo ba su gaza 'yan uwansu ba. A Amurka kuma, masana na Jami'ar Duke sun buga wani gwajin a 2020 da mutum 306, inda wata na'ura ke nuna motsin da za a yi tana ƙirga shi, kine kuma yana duba rahoton yana magana da majinyaci ta bidiyo. Bayan mako 12 warkewar ta zo daidai, an kuma rage kashe kimanin dala 2,700 ga kowane mutum, ko da yake waɗanda suka ba da labarin sun faɗi sun ɗan fi yawa a cikin masu bin na'urar. Tun 2018 akwai manhajar mymobility wadda ke aiki da agogon Apple tana ƙirga takun majinyaci tana aika wa likitansa, a 2021 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wata gwiwa mai ɗauke da ɗan ma'auni a cikinta, wanda ke aika bayanin taku da saurin tafiya.

Abin lura a gwaje-gwajen nan biyu shi ne, a bayan kowane allo akwai mutum masani wanda ya ɗauki nauyin dubawa da amsawa. Ba na'ura ce ta warkar da kowa ba. Abin da ta yi shi ne hana igiyar da ke tsakanin majinyaci da mai kula da shi tsinkewa, kuma wannan ba ya bukatar agogo mai tsada. WhatsApp da ke cikin wayar kowane gida, da saƙon murya ga wanda ba ya karatun boko, sun isa idan an yi tsari.

Tsarin da muke ba da shawara

Na farko, kafin a bar asibiti a tambayi likita a fili: wa za mu aika wa saƙo, a wace rana, cikin awa nawa za a amsa, kuma idan abu ya taso da dare ina za mu nufa? A karɓi rahoton fiɗa, da takardar da ke ɗauke da sunan gaɓar da aka sa da lambarta, da hotunan ƙashi, a ɗauki hoton kowace takarda a ajiye a waya biyu. Wanda aka yi wa aiki a waje ya nemi likitan ƙashi a gida wanda zai karɓi jinyarsa tun kafin ya tafi, ba sai abu ya ɓaci ba.

Na biyu, iyali su zaɓi mutum ɗaya tak wanda ke kwana a gidan, su damƙa masa wannan amana. Aikin da aka ce na kowa ne, ba na kowa ba ne. A gidanmu, karo na biyu, jikar Baffa 'yar makarantar sakandare ce ta riƙe wayar. Ta ɗaura lokutan motsa jiki a kan lokutan salla, bayan asuba da bayan azahar da bayan la'asar, ta yadda babu mai mantawa, ta kuma riƙa ba shi maganin rage zafi kamar rabin awa kafin a fara, kamar yadda kine ya umarta.

Na uku, a ɗauki bidiyon motsin tun a asibiti, lokacin da kine yake nuna wa majinyacin da kansa, domin motsin gwiwa dabam na kwatangwalo dabam, kuma abin da aka halatta wa wani an haramta wa wani gwargwadon inda aka tsaga shi. Kada a kwaso bidiyon wani baƙo daga intanet a ce tsoho ya bi.

Na huɗu, hoton rauni a ɗauke shi da hasken rana, daga tazara ɗaya kullum, da hannu mai tsabta, a lokacin sauya bandeji kawai. A sani cewa jan da likitoci ke nema a gefen rauni ba ya fitowa sosai a baƙar fata, balle a hoto. Don haka a haɗa da bayani: wurin ya fi ɗaya ƙafar zafi? Kumburi na ƙaruwa ko raguwa? Akwai ruwa, wane launi, yana wari? Nawa ma'aunin zafin jiki ya nuna? Bidiyon gwiwa kuma daga gefe ake ɗaukarsa, majinyaci yana kwance yana jawo dunduniya zuwa gare shi, don a ga ci gaban mako bayan mako.

Abin da waya ba ta iyawa

Akwai alamomin da ba a tsaya rubuta saƙo a kansu, sai dai a ɗauki majinyaci zuwa asibiti mafi kusa nan take. Su ne: numfashi ya sarƙe kwatsam ko ciwon ƙirji, domin yana iya zama gudan jini ne ya tafi huhu, sha-raɓa ta kumbura ta yi tauri da ciwo, zazzaɓi tare da ruwa ko mugunya daga raunin, ciwo mai tsanani farat ɗaya a kwatangwalo, ƙafa ta gajarta ko ta juya, wanda ke nuna gaɓar ta goce, da faɗuwar da mutum ya kasa taka ƙafar bayanta. Zazzaɓi a wurinmu kowa cizon sauro yake fara zargi, kuma yana iya zama shi ne, amma ga mai sabuwar gaɓa likita ne zai rarrabe.

Muna kuma roƙon iyayenmu da abu biyu. Kada a sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta a tebur a ba majinyaci kafin likita ya ɗebi ruwan gaɓar ya auna, domin yana ɓoye ƙwayar ba tare da ya kashe ta ba, kuma ƙwayar da ta manne wa ƙarfe takan kai ga sai an sake buɗe wurin. Sa'an nan maɗori, duk da girmansa a wurinmu, babu aikinsa a nan: ba a ja, ba a tsaga, ba a gashi da ruwan zafi, ba a shafa wani haɗi a kan ɗinki.

Tsarki, salla da azumi

Tambayar da dattawa suka fi yi ita ce, "Yaushe zan kai goshina ƙasa?" Mu faɗi gaskiya. Yawancin sababbin gwiwoyi sukan tsaya tsakanin digiri 110 da 125, zaman tahiya kuwa yana bukatar wajen 150 ko fiye. Wasu sukan iya sujada bayan watanni da izinin likita, da yawa ba sa iya zaman tahiya irin na da. Wannan ba tawaya ba ce a addini. Buhari ya ruwaito cewa Imrana ɗan Husaini ya kai kukan rashin lafiyarsa, aka ba shi sauƙin yin salla a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kishingiɗe. Ɗalibin da ya karanta Ahalari ya san halaye bakwai da aka jera wa mai sallar farilla. A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda yake iya tsayuwa ba ya barinta don kawai ya kasa sujada: ya tsaya inda yake iyawa, ya zauna ya yi nuni ga sujada. Idan wanka ya wajaba alhali ba a yarda ruwa ya taɓa raunin ba, akwai shafa a kan bandeji, akwai kuma taimama inda sharuɗɗanta suka cika. A tambayi malami, tambaya ba ta rage girma.

Gida ma sai an gyara shi kafin majinyaci ya dawo. Masai na tsuguno, da kujera 'yar tsuguno ta alwala, da kwanciya a tabarma, duk suna tilasta lanƙwasawar da sabon kwatangwalo zai iya gocewa da ita a makonnin farko. A sami kujera mai huji a ɗora a kan masai, da kujera mai tsawo mai hannuwa, da gado mai tudu. A naɗe darduma da wayoyin lantarki daga hanya, a share ruwan da ya zube a wurin alwala, a ajiye fitila kusa saboda ɗaukewar wuta.

Maganin hana daskarewar jini akan ba da shi daga kwana 10 ko 14 har zuwa 35, ba a tsallake shi. Wasu alluran wannan aiki, irin su enoxaparine, daga hanjin alade ake tato su. Akwai waɗanda ba su da wannan asali, na allura da na haɗiya, don haka a yi maganar da likita tun kafin fiɗa, kada a yanke magani da kai, alhali malamai sun yi sauƙi a halin larura. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta yanke cewa allurar magani wadda ba ta ciyarwa ba ta karya azumi. Marar lafiya kuma yana da rangwamen sha ya rama, rashin ruwa a jiki kuwa yana ƙara haɗarin gudan jini.

Hoto amana ne

Cinya da kwatangwalo al'aura ne. An halatta buɗe su ga mai magani gwargwadon bukata, ba ga dangi ba. Hoton raunin uwa 'yarta ce ya kamata ta ɗauka, a rufe duk abin da ba raunin ba, kada fuska ta fito, a aika wa likita shi kaɗai, a goge bayan ya gani. Mun ga gidajen da aka watsa irin wannan hoto a zauren dangi na WhatsApp da sunan neman addu'a. Addu'a ba ta bukatar hoto. Haka nan a yi hattara da masu dillancin asibitocin waje a Facebook, masu neman a tura kuɗi da takardun majinyaci kafin a san su wane ne.

Ga masu zuwa dubiya kuma, ladanku yana nan, amma a taƙaita zama, kada a cinye lokacin motsa jiki da hira. Mafi alherin mai dubiya shi ne wanda zai ce, "Baba, tashi in raka ka zuwa bakin zaure."

Yau Baffa yana zuwa masallaci da ƙafarsa, yana salla a gefen sahu da kujerarsa, ya kuma koma kiran asuba. Gwiwar ba ta kai inda da za ta kai ba in da mun yi abin da ya dace tun farko, wannan kuwa yana ranmu. Muna fata kada wani gida ya maimaita.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya saka wa masu jinya da alheri, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin iyayenmu. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.